Kirista da baƙin haure: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Duk Lahadi bayan an tashi sujada sai wani ya tare ni a bakin ƙofar majami'a da ɗaya daga cikin tambayoyin nan. Na rubuta su ne don wanda ya sake tambayata in ce ya je ya karanta.

Littafi Mai Tsarki ya ce wani abu game da baƙi?

Ya ce. Buɗe Littafin Firistoci 19:33-34: kada a zalunci baƙon da ke zaune a ƙasar, a ƙaunace shi kamar ɗan gida, domin Isra'ilawa ma sun yi baƙunci a Masar. Ga Fitowa 22:21, ga Matiyu 25:35. Mutum ya shekara talatin yana zuwa coci yana wannan tambaya, abin kunya ne.

To, Baba, ai doka suka karya. Ina Romawa 13?

Tana nan, ba a goge ta ba. Bulus ya ce a yi biyayya ga hukuma, kuma ƙasa tana da ikon sanin wanda ya shigo cikinta. Katikisim na Katolika ma, a sashe na 2241, ya haɗa biyun: ƙasashe masu hali su karɓi baƙo gwargwadon iyawarsu, shi kuma baƙo ya girmama dokar inda ya sauka. Amma Romawa 13 ba ta naɗa ka jami'in shige da fice ba. Mai yunwa ya zo ƙofarka, tuwo za ka ba shi, ba fasfo za ka tambaya ba.

Mutanen Borno da Adamawa da suka cika mana unguwa fa?

'Yan Najeriya ne. A 2014, lokacin da Boko Haram ta kama Mubi da kewayenta, shugabannin EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya) kansu nan Jos suka fake. Kar in ƙara jin wani ya kira su baƙin haure. Garin nan da haƙar kuza ta tara mutane daga ko'ina, wanda rigimar wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo ta ci rayuka a 2001 da 2008 da 2010, ya kamata a ce mun fi kowa iya bakinmu.

Akwai yaro ɗan Kamaru da ke kwana a shagona, ba shi da takarda ko ɗaya. In kai ƙararsa ko in rufa masa asiri?

Mama, zauna, wannan ba ta amsuwa a tsaye. Da farko ki san abin da ya fito da shi. Tun 2017 rikicin yankin masu magana da Turanci a Kamaru ya koro dubban mutane zuwa Kuros Riba da Binuwai da Taraba, wasu sun gangaro har nan. In yaƙi ya gudo wa, to ɗan gudun hijira ne, kuma dokarsa daban take. Najeriya ta amince da yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 da ta Afirka ta 1969, waɗanda suka hana a mayar da mutum inda za a kashe shi. Irin wannan yaron rajista yake buƙata a wurin Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Ƙasa, wadda ke aiki tare da UNHCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ki taimaka masa ya je, in da hali wani dattijon ikilisiya ko lauya ya raka shi, don baƙo ko da ido makaho ne, shi kaɗai za a yi ta juya shi daga wannan tebur zuwa wancan.

In kuwa neman kuɗi ne ya kawo shi, maganar ta ɗan yi nauyi. Kamaru ba ta cikin ECOWAS, Chadi ma haka, saboda haka sauƙin da ɗan Ghana ko ɗan Togo yake samu bai shafe shi ba. Ko a nan ba zan ce ki kira masa jami'ai ba. Ban ga inda aka ɗora wa mai shago wannan farillar ba, kuma yaron da ya amince da ke har yake barci a kan buhunan masararki, ki miƙa shi haka kawai, zuciyarki ba za ta bar ki ki huta ba. Amma kuma ba zan ce ki yi masa ƙarya ba. Kar ki ce ɗan ƙanwarki ne daga Mangu. Kar ki nemo masa takardar shaidar ƙaramar hukuma ta bayan fage, kar ki sa a yi masa NIN da sunan ɗan Najeriya. Wannan shaidar zur ce, kuma ran da abu ya fashe ke za a fara kamawa. In jami'i ya tambaye ki, ki faɗi abin da kika sani.

Wasu fastoci za su ce na yi sassauci, wasu su ce na yi tsauri, su kawo mini ungozomomin Ibraniyawa da suka ƙi bin umarnin Fir'auna, da Ayyukan Manzanni 5:29. Na yarda akwai ranar da za a bi Allah a bar mutum. Sai dai can kisan jarirai aka umarta, nan kuwa cike takarda ne. In rai na cikin haɗari, amsata za ta canja. In ba haka ba, ki ciyar da shi, ki biya shi haƙƙinsa cif in yana yi miki aiki, ki kuma ba shi lokaci, wata biyu ko uku, ko ya gyara zamansa ko a haɗa masa kuɗin mota daga baiko ya koma gida da mutuncinsa. Ki sanar da mai unguwa yana nan. Wannan kariya ce gare ku ku biyun.

'Yan Nijar masu gadi da ga-ruwa fa?

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shigowa ba biza har kwana 90, in yana da takardar tafiya. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice a Janairun 2025, amma ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin mutanensu suna zirga-zirga har sai an sanar da wani abu. Ka biya mai gadinka albashinsa na wata uku da ka riƙe, sannan ka dawo mu yi maganar takardunsa.

Ba su ne ke shigo da makamai ba?

Wanda ka gani da makami ka kai rahoto yau, ko ɗan uwarka ne. Mai tura kurar ruwa ba shi ne matsalarka ba.

Yarinyar da aka kawo mini daga Kwatano tana taya ni aiki, laifi ne?

Shekararta nawa? Tana zuwa makaranta? Hannun wa kuɗinta ke shiga? In 'yar shekara goma sha ɗaya ce, tana kwana a kicin, wata mata tana zuwa karɓar kuɗin a ƙarshen shekara, to wannan safarar mutane ce, kuma dominta aka kafa NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, a 2003. Kuna zama a sahun gaba a zumuntar mata, kuna rera waƙa, yarinya tana gida tana wanki tun asuba. Wannan ya fi damuna fiye da duk wanda ya tsallako iyaka a kan babur.

Me zai hana gwamnati ta kore su duka a huta?

An yi. A 1969 gwamnatin Busia ta kori 'yan Najeriya daga Ghana. A 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi wajen miliyan biyu, kusan rabinsu 'yan Ghana, jakar nan ma ta Ghana Must Go da kuke zuwa kasuwar Taminus da ita daga nan ta samo sunanta. Tattalin arziki bai farfaɗo ba, kafin shekarar ta ƙare sojoji suka karɓi mulki.

Ɗana yana so ya bi ta Agadas ya tsallaka Turai. In sa masa albarka?

A'a. Ka tuna 2017, da aka nuna wa duniya ana gwanjon mutane a Libiya, har aka riƙa kwaso 'yan Najeriya a jirgi. Ka yi masa addu'a, ka hana shi kuɗin, ka kawo mini shi ranar Laraba bayan nazarin Littafi.