Arkilla da sauran ƙauyukan da birnin Sakkwato ya haɗiye

Wai da gaske ne Arkilla ƙauye ce a da?

Ƙwarai kuwa. Ita da Gwiwa da Bado da Kalambaina duk ƙauyukan manoma ne a ƙasar Wamakko. Birnin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809, wanda Shehu Usmanu ya dawo cikinsa daga Sifawa a 1815, iyakarsa ganuwa ce mai ƙofofi takwas, irin su Ƙofar Kade, Ƙofar Rini, Ƙofar Marke da Ƙofar Taramniya. Da zarar mutum ya fita ƙofa, sai gonakin gero da dawa da burtalin shanu. Ko Giginya, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya tari Turawa ranar 15 ga Maris 1903, fili ne a bayan gari. Yau filin ƙwallo ne ke ɗauke da sunan, gidaje sun kewaye shi ta ko'ina.

To me ya ja birnin har ya isa can?

Aikin gwamnati da siminti. Turawa ne suka fara fasa iyakar, da suka yi unguwarsu da ofisoshinsu kudu da ganuwa. Amma gari bai yi yunƙurin gaske ba sai a 1967, shekarar da Sakkwato ta zama babban birnin Jihar Arewa maso Yamma. A wannan shekarar ce kuma kamfanin siminti na Kalambaina, wanda aka kafa a 1962 saboda farar ƙasar da Allah ya shimfiɗa a wurin, ya fara aiki. Shi ne yake hannun kamfanin BUA yanzu. Da aka ƙirƙiri Jihar Sakkwato a 1976, ma'aikata suka ƙaru, kowa na neman inda zai ajiye iyali, tsohon gari kuwa ya riga ya cika maƙil.

Arkilla tana tsakanin birnin da Kalambaina, kuma a kan tudu take. Sai gwamnati ta yi rukunin gidaje a nan da Gwiwa, daga baya aka yi a Bado da Kalambaina. Inda kwalta da turakun lantarki suka bi, dillalan fili ba sa jiran a gayyace su.

Dundaye fa? Ga jami'a a gefenta, me ya hana ta zama kamar Arkilla?

Ruwa. Jami'ar da aka kafa a 1975, aka sa mata sunan Usmanu Danfodiyo a 1988, mazauninta na dindindin yana ƙasar Dundaye, kuma tsohon birni har ƙofa yake da ita mai sunan garin. Sai dai tsakaninsu akwai gulbi da fadama mai faɗi, wadda ke cika duk damina. Fadama ta shinkafa ce da albasa da kamun kifin mutanen Kwalkwalawa, ba ta karɓar harsashin gini. Ambaliyar 2010 ta tuna wa kowa haka, da ruwa ya cinye gadar hanyar jami'a ya raba ɗalibai da gari. Shi ya sa birnin ya fi miƙa ƙafa kudu da yamma, ƙauyukan da ke kewaye da jami'ar kuwa har yanzu noma ne abin yinsu.

Mutumin Arkilla ɗan Sakkwato ne ko ɗan Wamakko?

A baki ɗan Sakkwato ne, a takarda kuwa Ƙaramar Hukumar Wamakko ce tasa. Haka Kwannawa da Dambuwa suke ƙarƙashin Dange Shuni, More kuma ƙarƙashin Kware. Sarauta ma ba ta kau ba: akwai mai unguwa, akwai hakimi, akwai uban ƙasa, har a kai fadar Sarkin Musulmi. Baƙon da ya sayi fili ya kewaye gidansa da katanga yana iya shekara bai san ƙofar mai unguwa ba, sai ranar da rikicin iyaka ya tashi.

Masu gonakin sun amfana?

Nan ne maganar take da ɗaci. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, kuma in gwamnati ta karɓi gona, diyyar da doka ta tanada ta amfanin da ke kai ce da gini, ba ta ƙasar kanta ba. Wanda gwamnati ba ta taɓa ba, sai ya sayar da gonarsa da kansa. Uba ya rasu, magada su raba, dillali ya zo da igiyar awo ya yanka fuloti-fuloti. Kuɗin su tafi a kujerar Makka, ko auren 'ya, ko babur ɗin kabu-kabu. Ban ga laifin wanda ya sauke farali ba, amma gona sau ɗaya ake sayar da ita. Wasu sun yi dabara sun gina ɗakunan haya da shaguna, su ne suka ci riba. Da yawa kuwa 'ya'yansu na leburanci ko gadi a gidan da aka gina kan gonar kakansu.

Akwai sauran alamar ƙauyen?

Ka bar titi ka kutsa ciki. Inda layi ya daina miƙewa ya koma lungu mai lanƙwasa, ka ga ginin laka da rumbu da tumaki a turke da tsohuwar maƙabarta, to ka iso asalin garin. Sababbin gidajen ne suka zagaye shi. Kuma da yake gini ya riga tsari zuwa a wurare da dama, an toshe hanyoyin da ruwan sama ya saba bi tun wurin yana gona. Mutanen Mabera, a Sakkwato ta Kudu, sun sha fama da wannan: damina na kankama, sai tituna su koma tafki, a riƙa kwashe ruwa daga ɗaki da bokiti.