Ma'anar “makro”: ba kowane hoton kusa ne ya cancanci sunan ba

Kalmar “makro” ta cika ko'ina a 'yan shekarun nan. Mai tallar waya zai ce maka tana da kyamara huɗu, ɗaya ta makro ce. Masu sharhin wayoyi a YouTube ba sa gama magana ba su ambace ta ba. A Instagram kuwa, da zarar mutum ya matso da waya kusa da kofi ko yankakkiyar albasa ya ɗauka, sai ya rubuta makro a ƙasa. Yawancin waɗannan hotunan kusa ne kawai, kuma abin yana damuna, domin ruɗanin yana sa mutane su sayi abin da ba zai yi musu aikin da suke so ba.

Makro awo ne. A cikin kowace kyamara akwai ɗan faranti mai karɓar haske da ake kira sensa, inda fim yake zama a da. Idan siffar abin da ake ɗauka ta sauka a kan farantin da ainihin girmanta, an kai abin da masu hoto suke rubutawa 1:1, kuma daga nan makro yake farawa. Farantin manyan kyamarori yana da faɗin milimita 36 da tsayin milimita 24. Ke nan ƙwayar shinkafa mai tsawon milimita 6 za ta ci milimita 6 a kansa, guda shida a jere sun cika hoton daga gefe zuwa gefe. Cokalin shayi gaba ɗaya ba zai shiga ba. Duk hoton da ka ga cokali da faranti da gefen tebur a cikinsa, komai kyansa, bai kai makro ba.

Sunan ma bai taimaka ba. Asalinsa Girkanci ne, makros, wato dogo ko babba, alhali ƙananan abubuwa ake ɗauka, hotonsu ne ke girma. Kamfanin Nikon ya daɗe yana kiran gilasansa na gaban kyamara na wannan aiki Micro-Nikkor, wasu kamfanoni kuma suna manna kalmar makro a gilashin da bai wuce 1:4 ba, wato siffar da ke sauka a faranti kashi ɗaya cikin huɗu ce na ainihin girman abin. Saboda haka lambar ake dubawa.

Amma ruɗanin da ya fi ci mini rai shi ne haɗa makro da zum, wato jawo hoto ya ƙara girma. A ɗauki gishiri. Gishirin tebur, idan aka same shi da kyau, kowace ƙwaya ɗan akwati ce mai fuska shida da kusurwoyi daidai, haka sinadarinsa yake daskarewa. Sukari ba haka yake ba, gefunansa a karkace suke. Ido yana ganin farin gari iri ɗaya, makro ne ke raba su. To, babbar kyamara mai megafiksel 24, wato ƙananan ɗigo miliyan 24 da ke haɗuwa su zama hoto, tana da ɗigo 6,000 a faɗinta. A 1:1, ƙwayar gishiri mai rabin milimita za ta samu ɗigo kusan 80 a faɗi, kuma wannan ya isa a ga kusurwar da ta ɓalle, a ga tsaga, a ga yadda haske ke ratsa ta. Idan aka ja baya zuwa 1:10, ɗigo 8 kacal za ta samu. Sa yatsa biyu ka buɗe hoton iya son ranka, ɗigon nan 8 ne za su kumbura su zama farin tabo. Abin da gilashi bai kwaso ba tun farko, babu manhajar da za ta dawo da shi. Wasu wayoyin ma ƙirƙiro gefuna suke yi su cike gurbin, sai hoton ya yi kaifi amma ba gishirinka kake kallo ba.

Wanda ya taɓa gwada makro na gaske ya san yana da tsada a wajen haƙuri. A 1:1, da ƙofar haske, wato ramin da haske ke bi ta cikin gilashi, a awon f/8, abin da zai fito tar bai wuce kaurin milimita ɗaya ba. Ka saita a kan haƙori ɗaya na cokali mai yatsu, na kusa da shi ya riga ya zama dishi-dishi. Hasken da ke isa faranti kuma yana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, har numfashin mai ɗauka yana girgiza hoto. Shi ya sa ake kafa kyamara a kan ƙafa, a nemi hasken taga ta gefe, a jingina farar takarda a ɗaya ɓangaren don ta rage inuwa. Masu son komai ya fito sukan ɗauki hotuna da yawa, kowane da saitinsa, su haɗa su a kwamfuta.

Ban ce waya ba ta da amfani ba. iPhone 13 Pro, da ta fito a 2021, tana iya saita abu daga nisan santimita 2, kuma ramukan soson wanke-wanke ko saƙar rariya suna fitowa da ban sha'awa. Matsalarta a wannan nisa ita ce inuwar wayar kanta takan rufe abin. Ƙaramar kyamarar nan mai megafiksel 2 da ake ƙarawa a wayoyi masu araha kuwa, a ganina don a cika lissafin kyamarori aka sa ta.

Hoton kusa ba abin kunya ba ne, a kira shi da sunansa kawai. Mai son ya san matsayin kyamararsa ya ɗauko rula, ya matso har inda saiti ya ƙi kamawa, ya ƙirga milimitocin da suka shiga hoton. Idan sun yi daidai da faɗin farantin kyamararsa ko ƙasa da haka, ya kai makro.