Waiwaye: Tun yaushe ake alkawarin shari'a ba jinkiri?

Kukan jinkirin shari'a ba yau aka fara shi ba. A shekarar 1215 manyan Ingila suka matsa wa Sarki John lamba har ya amince da yarjejeniyar Magna Carta, inda ya yi alkawarin ba zai sayar wa kowa da adalci ba, ba zai hana shi ba, ba kuma zai jinkirta shi ba. Duk da haka aka ci gaba da kulle mutane a manta da su, har majalisar ƙasar ta yi dokar Habeas Corpus a 1679, wadda ta tilasta wa mai tsaron kurkuku ya kawo wanda yake tsare da shi gaban alƙali a ji dalili. Amurka ta sanya haƙƙin shari'a cikin hanzari a kundin tsarin mulkinta a 1791. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙin jama'a da na siyasa ta ce a yi wa wanda ake tsare da shi shari'a cikin lokacin da ya dace ko a sake shi, Yarjejeniyar Afirka ta 1981 kan haƙƙin ɗan Adam ma ta tabbatar da haƙƙin.

To amma kwana nawa ne "lokacin da ya dace"? Nan gizo ke saƙar. Muddin ba a faɗi adadi ba, kowace ɗagewa tana da uzurinta: yau mai gabatar da ƙara bai zo ba, gobe fayil ya ɓata, jibi an yi wa alƙali sauyin wurin aiki, a koma farko.

A 1979 lauya Kapila Hingorani ta kai ƙara Kotun Ƙolin Indiya a madadin masu jiran shari'a a jihar Bihar. Abin da ya fito ya tayar da hankali, domin wasu sun daɗe a tsare fiye da iyakar ɗaurin da za a yanke musu ko da an same su da laifi. Kotun ta ce shari'a cikin hanzari tana cikin haƙƙin rayuwa da 'yanci, aka saki kusan mutum 40,000 a faɗin ƙasar. Na fi yawan tuna Kalief Browder, yaro ɗan shekara 16 da aka kama a New York a 2010 bisa zargin satar jakar goyo. Iyalinsa suka kasa biyan belin dala 3,000. Ya shafe shekara uku a kurkukun Rikers, kusan biyu daga ciki shi kaɗai a ɗaki, sannan aka janye tuhumar ba a taɓa yi masa shari'a ba. A 2015 ya kashe kansa.

A ganina ba a fara taɓa tushen ciwon ba sai da aka soma sa wa'adi. Kotun Ƙolin Kanada ta ƙayyade wata 18 a ƙananan kotuna da wata 30 a manya a 2016, in an wuce ba hujja a dakatar da ƙarar. Dokar shari'ar laifuka ta Najeriya ta 2015 ta taƙaita yawan ɗage zama. A shekarar ne kuma aka sabunta ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na tsare fursunoni da sunan Nelson Mandela, masu cewa a raba mai jiran shari'a da wanda aka yanke wa hukunci, a bar shi ya sa tufafinsa, ya gana da lauyansa. Har yanzu kusan ɗaya cikin kowane fursuna uku a duniya ba a yanke masa hukunci ba.