Hayaƙin murhu da hayaƙin taba: cututtukan da ke rakiyar ciwon huhu mai daɗewa

Tambaya: Shin wanda bai taɓa shan taba ba yana iya kamuwa da ciwon toshewar hanyoyin numfashi?

Amsa: Ƙwarai kuwa. Wannan ciwo da likitoci ke kira COPD ya kashe mutum miliyan 3.23 a shekarar 2019, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana. A ƙasashe masu arziki taba sigari ce ke haddasa fiye da kashi 70 cikin ɗari na ciwon, amma a ƙasashe masu tasowa rabonta bai wuce kashi 30 zuwa 40 ba, kuma hayaƙin itace da gawayi da kara da kashin shanu yana cikin manyan dalilan da suka rage. Matar da ta yi shekara talatin tana hura wuta a madafa marar taga, idanunta na zubar da hawaye safe da yamma, ko mai tuyar ƙosai, ko mai bandar kifi, duk sun shaƙi abin da ya isa ya lalata huhu.

Tambaya: Ɓarnar da hayaƙin biyu ke yi wa huhu iri ɗaya ce?

Amsa: Ba iri ɗaya ba ce. Taba ta fi rusa ƙananan jakunkunan iska na cikin huhu, har mutum ya rame, numfashi ya yi ta gagararsa. Hayaƙin murhu kuwa ya fi kumbura hanyoyin iskar da ƙuntata su, shi ya sa tari da kaki suka fi yawa, kuma idan aka leƙa da na'ura akan tarar da baƙin tabo kamar kunkunniya a bangon hanyoyin. Duk da haka, wani bincike da aka buga a 2006 daga ƙasar Meksiko ya nuna cewa haɗarin mutuwa kusan ɗaya ne a ɓangarorin biyu.

Tambaya: Waɗanne cututtuka ne suka fi bin mashayin taba?

Amsa: Toshewar jijiyoyin zuciya da na ƙafafu, shanyewar ɓarin jiki, sankarar huhu da ta maƙogwaro da ta mafitsara, sai raunin ƙashi.

Tambaya: To, ita mai aikin murhu fa?

Amsa: Nan ne aka fi yin sakaci, kuma abin yana damuna. Iskar da ke shiga jininta takan ragu na tsawon shekaru, sai jijiyoyin huhu su matse, jini ya hau a cikinsu, ɓangaren dama na zuciya ya yi ta fama har ya gaji. Alamarsa ita ce ƙafafu su kumbura, idan aka danna da yatsa wurin ya lotsa, ga haki ko da tsakar gida ta share. Awon hawan jini da ake yi a damtse ba ya nuna wannan, sai an ɗauki hoton zuciya. Haka kuma hayaƙin yana da alaƙa da yanar ido, da ciwon sanyin haƙarƙari mai yawan dawowa, da tarin fuka, kuma alamun asma sun fi bayyana a wannan ɓangare. Ba a ce zuciyarta ta tsira daga toshewar jijiyoyi ba, domin ciwon zuciya ne kan gaba a mace-macen da gurɓatacciyar iskar cikin gida ke jawowa. Ga kuma goyon da ke bayanta, wanda ke shaƙar hayaƙin tare da ita tun huhunsa bai gama ƙwari ba.

Tambaya: Me ya kamata iyali su nema a asibiti?

Amsa: Su faɗa wa likita shekara nawa aka yi ana girki, da wane irin makamashi, a ɗaki ko a fili, da kuma ko ana kwana da kaskon gawayi lokacin hunturu. Su nemi gwajin hura iska, domin da shi ake tabbatar da ciwon, da gwajin kaki don a fitar da shakkar tarin fuka, tun da ana yawan rikita su biyun. A duba zuciya da ido. A gida kuma a koma gas idan da hali, idan babu a fitar da murhu fili, a yi amfani da busasshen itace, a nisanta yara daga bakin wuta.