Waiwaye: Yadda Halin Da Ƙasa Ke Ciki Ke Juya Manhajar Makarantunmu

A watan Satumba na 1969, ana tsaka da yaƙin basasa, aka yi babban taron ƙasa kan manhajar karatu a Legas. Abu biyu ya dami mahalarta: haɗin kan ƙasar da ke neman wargajewa, da kuma karatun da Turawan mulkin mallaka suka bari, wanda akasari akawu yake samarwa. Wannan taro ne ya haifi manufar ilimi ta 1977 da tsarin 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a) da ya fara aiki a 1982, mai ƙoƙarin koya wa yaro sana'a. An shigo da injina daga ƙasashen waje, amma a makarantun karkara da yawa sun yi tsatsa a cikin akwatunansu, babu lantarki, babu mai koyarwa.

Tun daga nan, duk abin da ya girgiza ƙasa sai ya bar sawu a allon aji. Da cutar ƙanjamau ta yi ƙamari, aka kawo darasi a kanta. Iyaye da malaman addini, musamman a Arewa, suka ƙi yadda aka fara tsara shi, har aka mayar da shi ilimin zaman iyali a 2003, aka bar kowace jiha ta daidaita shi da al'adarta. Rikicin Boko Haram na ci, gyaran 2012 ya shigo da ilimin tsaro, ya cusa darussan addini cikin rukuni ɗaya da na zama ɗan ƙasa. Musulmi da Kirista duk suka koka, a 2017 aka sake ware su.

Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne cire Tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare a gyaran 2007. Fiye da shekara goma aka yi kafin a dawo da shi. A tsakanin nan, yaro a ƙasar Haɗeja zai gama ƙaramar sakandare bai ji a aji ba cewa Sarki Muhammadu ya yi shahada a hannun Turawa a 1906, sai dai in kakansa ya ba shi labari.

Batun harshe ma haka ya tafi: a 2022 aka ce a koyar da ɗan firamare da harshen uwa, a 2025 aka soke.

Duk waɗannan shawarwari a sama ake yanke su, hukumar NERDC mai tsara manhajar karatu ta ƙasa ta rubuta, takarda ta iso Auyo ko Ɗambatta bayan lokaci mai tsawo, sau da yawa ba littafi, ba horar da malami. Abin da ke faruwa a ƙofar makarantar kuwa da wuya ya hau sama. Ambaliyar 2022 ta cinye gonaki a Ringim, Kafin Hausa da Auyo, azuzuwa suka zama masaukin waɗanda ruwa ya kora. Gyaran 2012 ya ambaci sauyin yanayi da bala'o'i, amma a dunƙule. Ɗan bakin kogin Haɗeja yana buƙatar sanin me sakin ruwan madatsun Tiga da Challawa ke nufi ga gonar babansa, yadda kachala ke toshe hanyar ruwa, da yadda ake tsabtace ruwan sha don gudun kwalara. Ma'aikatun ilimi na Dutse da Kano na iya tsara wannan tare da malaman yankin da kwamitocin makarantu kafin damina ta sake kamawa.