Ma'anar Tauraro Mai Gammo, da Yadda Ake Gina Shi Idan Ba Ɗan Gida Ba Ne

A cikin kalmomin da masu nazarin ƙagaggun labarai ke amfani da su akwai guda biyu da ke tafiya tare, wato miƙaƙƙen tauraro da tauraro mai gammo. Tauraro dai shi ne duk mutumin da marubuci ya ƙaga ya sanya a labarinsa, namiji ne ko mace. Miƙaƙƙe shi ne wanda aka gina a kan hali ɗaya tak, kamar rowa ko wauta ko mugunta, kuma yadda ya shigo labarin haka zai fita. Mai gammo kuwa halayensa a nannaɗe suke, wani a kan wani, kamar tsumman da ake naɗewa a ɗora a ka kafin a ɗauki tulu: yana da buri, yana da abin tsoro, yana da abin da yake ɓoyewa, kuma abin da ya same shi a cikin labarin yakan sauya shi. Wannan rabe-rabe ya samo asali ne daga marubucin Ingila E. M. Forster, wanda ya bayyana shi a laccocin da ya gabatar a Jami'ar Kambirij aka kuma buga su a shekarar 1927. Ma'aunin da ya bayar shi ne, mai gammo yakan aikata abin da mai karatu bai zata ba, amma idan ya aikata sai mai karatu ya yarda cewa lallai wannan mutum zai iya yin haka.

Miƙewa ba aibi ba ce a karan kanta, domin Gizo da wayonsa da kura da kwaɗayinta duk miƙaƙƙu ne, kuma ba wanda ke neman su sauya. Inda matsala take shi ne lokacin da marubuci ya yi wa mutanen gidansu gammo, sannan ya bar duk wani baƙo a miƙe, har ya zama ƙabila guda tana da hali ɗaya a littafinsa. Mun gaji wani ɓangare na wannan daga wasan barkwanci, irin na Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Yarabawa, ko Kanawa da Zagezagi. Sai dai shi barkwanci ba-ni-in-ba-ka ne, wanda aka tsokana yana nan a zaune zai rama, a yi dariya a tashi. A cikin littafi kuwa alƙalami yana hannun mutum ɗaya, wanda aka siffanta ba shi da bakin ramawa, saboda haka nauyin adalcin duk yana wuyan marubuci.

Mu ɗauki misalin marubucin da ya tashi a cikin birnin Kano, yana son ya sanya ɗan kasuwa ɗan ƙabilar Ibo a labarinsa. Hanya mafi sauƙi ita ce ya ba shi shagon kayan gyaran mota, da son kuɗi, da gurɓatacciyar Hausa, shi ke nan. Wannan shi ne abin da ake hangowa daga bakin shago. Amma unguwar Sabon Gari tun wajen shekarar 1913 take, kuma akwai waɗanda a nan aka haife su, a nan aka haifi iyayensu, Hausarsu ba ta da maraba da ta marubucin. Idan tauraron dattijo ne, to ya ga rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, wataƙila ma mahaifinsa yana cikin waɗanda aka ba fam 20 kacal a madadin ajiyarsu ta banki bayan yaƙin, kuma wannan kaɗai ya isa ya bayyana dalilin da ya sa yake gina gida a ƙauyensu alhali rabin rayuwarsa a Kano ya yi. Idan matashi ne, mai yiwuwa yaron shago ne da ke yi wa ubangidansa hidima shekaru da dama bisa alkawarin za a sallame shi da jari, yana kwana yana tashi da fargabar kada a ƙulla masa sharri ana gab da sallama. A watan Disamba hankalinsa yana kan tafiya gida. Idan ya yi baƙo ya kawo goro, ba miƙa shi kawai zai yi ba kamar yadda muka saba, sai an yi addu'a a kansa kafin a fasa. Da irin waɗannan ne gammon ke naɗuwa, domin yanzu mutumin yana da damuwar da ba ta shafi babban tauraron labarin ba, kuma da za a rufe littafin rayuwarsa za ta ci gaba.

Batun harshe yana buƙatar hattara ta musamman. Karya Hausar baƙo a kowace jimla yakan sa mai karatu ya ɗauke shi mai ƙarancin tunani, alhali a harshensa na gado mai hikima ne. Ya wadatar a nuna bambancin sau ɗaya ko biyu, sannan a bar shi ya yi magana da cikakken hankali. Haka kuma sunan da muke kiran mutane da shi ba lallai ne ya zama wanda suke so ba: waɗanda muke ce wa Gwari suna kiran kansu Gbagyi, kuma kalmar Inyamuri tana ɓata wa Ibo da yawa rai. Wani tauraro yana iya furta irin wannan kalma idan halinsa ke nan, amma bai dace ta fito daga bakin mai ba da labarin ba.

Akwai kuma wani rami a ɗaya ɓangaren, wanda masu kyakkyawar niyya ke faɗawa. Saboda gudun cin zarafi sai su mayar da baƙon waliyyi, ba ya fushi, ba ya kuskure, aikinsa kawai ya taimaki ɗan gida ya gane gaskiya. Shi ma wannan miƙaƙƙe ne, an dai miƙar da shi ta gefen kirki. A ganina hana mutum ikon yin kuskure rage masa mutuntaka ne, kamar dai yadda hana shi ikon yin alheri yake.

Baƙunta ba ta tsaya ga ƙabila ko addini ba. Namijin da ke rubuta zuciyar matar da aka yi wa kishiya, da ɗan birnin da ke rubuta makiyayi a ruga, da 'yar masu hali da ke rubuta almajiri, duk aiki ɗaya ke gabansu, kuma karatu kaɗai ba ya wadatarwa sai an zauna da mutanen an saurare su. Bayan an gama rubutu, ya kamata a ba wani daga cikinsu ya karanta kafin a fitar, abin da ya zama sana'ar da wasu kamfanonin ɗab'i a Amurka da Ingila ke biyan kuɗi a kanta. Tambayar da za a yi masa ba ita ce ko ransa ya ɓaci ba, domin kunya za ta iya sa ya ce a'a. A tambaye shi wurin da ya ji cewa mutumin garinsu ba zai faɗi haka ba, da abin da zai faɗa a maimakonsa, sannan a koma a gyara wannan shafin.