Waiwaye: daga fam da sule zuwa 255, inda darussan kwamfuta uku suka samo asali

Shiga duk wata santar koyon kwamfuta a Kaduna, ta Tudun Wada ce ko ta Kawo ko ta Unguwar Rimi, irin masu difloma ta wata shida ɗin nan, za ka tarar halin ɗalibai ɗaya ne. Ranar gyaran hoto aji maƙil, har da waɗanda ba su gama biyan kuɗin makaranta ba. Ranar netwok sai ka ga rabi. Ranar tsarin lambobi kuwa, wato bainari da danginsa, ranar ce kowa ke da ta'aziyya a Rigasa. Ni dai ban cika ganin laifinsu ba, gyaran hoto shi ke kawo kuɗi nan take, katin biki, fostar ɗan takara, hoton Sallah, wa zai ba ka ko sisi don ka mayar da 192 zuwa 11000000?

Wani ƙanena da ke irin wannan karatu ne ya lura da wani abu ya tambaye ni: Yaya, me ya sa a rauta, na'urar nan mai raba intanet, ake rubuta 255.255.255.0, kuma a Photoshop in ka ja kala har ƙarshe ita ma a 255 take tsayawa, me ya haɗa su? To ai amsar tana cikin darasin nan da suke gudu, kuma labarinsa ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba.

Lambobin 0 zuwa 9 da muke ɗauka kamar da su aka halicci duniya, daga Indiya suka fito. A shekarar 628 wani masani Brahmagupta ya rubuta ƙa'idojin lissafi da sifili. Wajen 825 Alkawarizmi a Bagadaza ya yi littafi a kan lissafin Indiyawa, daga nan abin ya bazu a ƙasashen Musulmi, sai Fibonacci ɗan Italiya da ya koyo shi a garin Bijaya na Aljeriya ya kai wa Turawa cikin littafinsa na 1202. Amma ƙirga goma goma zaɓi ne kawai, ba dole ba ne, kuma iyayenmu sun fi mu sanin haka. Kafin 1 ga Janairun 1973 da aka kawo naira da kwabo, kwabo 12 ne sule ɗaya, sule 20 ne fam ɗaya. Tsohuwa mai sayar da daddawa da ba ta taɓa shiga aji ba, ka ba ta sule 17 ka ƙara mata sule 8, nan take za ta ce maka fam ɗaya da sule biyar, ba za ta tsaya a goma ba don ta san sai an cika ashirin ake tsallakawa gida na gaba. Duk abin da malam yake ta fama da shi a allo ke nan fa, a nawa ake tsallakawa. Bainari a biyu yake tsallakawa, shi kenan.

Leibniz na Jamus ya yi bayanin lissafin 0 da 1 tun 1703, George Boole na Ingila ya zo a 1854 da lissafin "eh ko a'a", duk a takarda abin ya tsaya, sai a 1937 wani ɗalibi a Amurka, Claude Shannon, yana ɗan shekara 21, ya nuna a kundin digirinsa na biyu cewa makunnin lantarki, a kunne ko a kashe, zai iya yin wannan lissafin. Daga baya aka saba ɗaure 0 da 1 guda takwas takwas ana ce musu bayit. Kujeru takwas ne, darajarsu 128, 64, 32, 16, 8, 4, 2, 1. In duk a kashe suke sifili ke nan, in duk a kunne ka tara su za ka samu 255. Ga 255 ɗin. 192 kuma ba komai ba ne illa 128 da 64 a kunne saura a kashe. Da yake rubuta 11111111 na gajiyar da ido sai ake taƙaita shi da ƙirgar sha shida, 0 zuwa 9 sannan A zuwa F, a nan 255 sunansa FF.

Mu Hausawa ma abin ya taɓa mu kai tsaye. Tsarin ASCII na 1963, wanda ya ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, gurbi 128 kawai gare shi, babban A shi ne 65, kuma babu ƙ babu ɗ babu ɓ a ciki. Sai da sabon tsari mai suna Unicode ya zo a 1991 suka samu lambarsu, ƙaramin ƙ shi ne 0199 a ƙirgar sha shida. Duk wanda ya taɓa buga takarda a tsohuwar kwamfuta ya ga ƙ ta koma akwati ko alamar tambaya, matsalar lamba ce ya gani.

Netwok kuma, ranar 29 ga Oktoban 1969 aka fara tura saƙo a ARPANET, kakan intanet, tsakanin wata jami'a a Los Anjeles da wata cibiyar bincike kusa da Stanford, harafi biyu kawai suka wuce, L da O, na'urar ta tsaya. Vint Cerf da Bob Kahn suka fitar da tsarin TCP, ƙa'idar tura saƙo tsakanin kwamfutoci, a 1974, aka koma kan TCP/IP gaba ɗaya ranar 1 ga Janairun 1983. Dabarar ita ce a yayyanka saƙo ƙanana, kowane yanki da adireshinsa a goshi, kamar ka raba kayanka a motoci daban daban a tashar Kawo, kowace ta bi hanyar da ta samu, a can a sake haɗa su. Adireshin nan bayit huɗu ne, shi ya sa ba za ka taɓa ganin 192.168.1.300 ba, bayit ba ya wuce 255. Gaba ɗaya adireshi biliyan 4.3 ne, a lokacin ana ganin ba za su taɓa ƙarewa ba, amma a Fabrairun 2011 babban rumbun ya ƙare, hangen ƙarewar nan ne dalilin sabon adireshi IPv6 mai tsawon nan da ake rubutawa da ƙirgar sha shida. Shafukan yanar gizo su daga baya suka zo, Tim Berners-Lee ya kawo shawararsu a 1989 a cibiyar CERN da ke Jeniba.

Mu a nan duk wannan na faruwa muna layin NITEL, layukan waya a Najeriya duka ba su kai rabin miliyan ba kafin GSM. An kafa hukumar sadarwa ta NCC a 1992, aka yi gwanjon lasisin GSM a Janairun 2001, Econet da MTN suka fara aiki a Agustan shekarar, kira naira 50 minti ɗaya ko da sallama kawai ka yi, har sai da Glo ta zo a 2003 da cajin sakan sakan. Intanet kuwa sai kafe, da faranti a saman rufi yana kallon tauraron ɗan adam, ka sayi awa ɗaya rabinta ya tafi wajen jiran Yahoo ta buɗe, shi ya sa samari ke kwana a can don da dare ya fi sauri kuma ya fi araha. Abin ya fara sauƙi ne da igiyoyin ƙarƙashin teku suka yawaita a Legas, Main One da Glo-1 a 2010, WACS a 2012, Equiano ta Google a 2022. Da JAMB ta fara jarrabawa a kwamfuta a 2013 ta mayar da ita dole a 2015, nan ne aikin netwok ya zama sana'a sosai a gari, don santa mai ɗaruruwan kwamfutoci sai an ja mata kebul an raba adireshi, kuma in abu ya tsaya ranar jarrabawa ba mai gyaran hoto ake nema ba. Ɗalibin netwok aikinsa na farko ke nan, ya fere kebul ya jera wayoyi takwas a yatsunsa, fari da ruwan lemo, ruwan lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa, ya datse su daidai ya tura cikin kan roba ya matse, in ɗaya ta kauce sai ya yanke ya sake, kuma kar tsawon ya wuce mita 100. Mutanen Kaduna dai sun ɗanɗana rayuwa ba netwok, daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamban 2021 da aka rufe sabis a wasu sassan jihar saboda tsaro, sai kuma 14 ga Maris 2024 da igiyoyi suka lalace a teku wajen Kodebuwa, bankuna suka rikice har nan.

Sai hoto. Da can mai hoto fim yake sakawa mai ɗaukar 36, ka jira a kai wanki, in ka rufe ido a hoton Sallah haka za ka haƙura har baɗi. A 1957 Russell Kirsch a Amurka ya saka hoton jaririnsa a kwamfuta, ɗigo 176 a tsaye 176 a kwance. A 1975 Steve Sasson na kamfanin Kodak ya haɗa kyamarar da ba fim, hoto ɗaya baƙi da fari sai ya ci sakan 23 kafin ya hau kan kaset. Photoshop 'yan gida ɗaya ne suka yi shi, Thomas da John Knoll, ya fito kasuwa a Fabrairun 1990, kuma leya, wato jera sassan hoto hawa hawa, da yara ke ɗauka kamar dama can tana nan sai a 1994 aka saka ta. CorelDRAW da masu ɗab'inmu suka riƙe gam har yau a 1989 ya fito daga Kanada, Canva kuma jiya jiya ce, 2013.

Kowane ɗigo a hoto lamba uku ce, ja, kore, shuɗi, kowace daga 0 zuwa 255. Ja zalla shi ne 255, 0, 0, wato FF0000 ɗin nan da ke ƙasan akwatin zaɓen kala. Ja da kore a cike su ba ka ruwan ɗorawa, duka ukun a cike fari. In ka yi 256 sau 256 sau 256 kala 16,777,216 ke nan. Saboda haka lokacin da amarya ta ce a ɗan ƙara mata haske, abin da yaro ke yi shi ne ƙara wa lambobi, kuma in ya zaƙe goshi da kumatu suka kai 255 to an gama, ba sauran bayani a wurin, fuska ta zama farin faranti ba hanci ba komai. Wallahi rabin fostocin da ke manne a Ahmadu Bello Way lokacin zaɓe ciwonsu ke nan, kuma ba laifin manhaja ba ne.

Nauyin hoto ma lissafi ne. Wayar da ke ɗaukar ɗigo miliyan 12, kowane ɗigo bayit uku, megabayit 36 ke nan hoto ɗaya, tsarin JPEG na 1992 ne ke zubar da abin da ido ba ya cika lura da shi ya dawo da shi 'yan megabayit kaɗan. Kowane sake ajiyewa sai an ƙara zubar da wani abu. WhatsApp ma yana ƙara matse shi don ya wuce a netwok da sauri, shi ya sa kwastoma zai turo maka hoton da ya bi ta hannun mutum biyar ya ce a buga masa babbar bana, kai kuma ka rasa yadda za ka yi masa bayani. Ka ce ya nemo na asali ya turo shi a matsayin dokumen. Takardar A4 kaɗai, in ana son ta fita tas a ɗigo 300 kowane inci, tana buƙatar 2480 a kwance 3508 a tsaye. Sannan allo da haske yake haɗa kala, injin ɗab'i kuma da tawada huɗu, CMYK, akwai shuɗi da koren da allo ke nunawa wanda tawada ba ta iya kaiwa can, don haka a mayar da aikin CMYK tun a kwamfuta a nuna wa mai biki kafin a buga kati dubu.